Baƙon Zaure Ba Ya Jin Hausa

Zeinabu,

Na wuce Doso da babbar motar kamiyo kafin ki dawo daga kasuwa. Kar ki yi ihu, akwai kare a zaure.

Na tarar da shi ɗaure a gidan Baturen nan da na yi wa tuƙi. Shi Mushe Baturen ya koma Faransa har da tukwanen furensa, ya bar wannan ba ci ba sha, igiya ta ci masa wuya. Na shafa masa man shanunki, na ba shi tuwona a kwanonki. Yi haƙuri, na wanke kwanon yadda malamai suka ce.

Sumana mai lambu a Yantala zai zo ya tafi da shi gadin ganyen salati. Ki gaya masa karen ba ya jin Hausa, balle Zabarmanci. Na yi ta cewa "kwanta" har maƙogwarona ya bushe, yana kallona. Sai an ce masa "kushe". Ba aibata shi za ki yi ba, kwanta ke nan da Faransanci.

Ki lallaɓa shi. Kowa ya samu 'yanci a ƙasar nan, shi kaɗai aka manta ba a kwance ba.

Mijinyawa