Ranar da Aka Ja Layi a Unguwar Tambaya

Unguwar Tambaya, Tsafe

Zuwa ga Yayata Maijidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Yaya Haliru da yara. Mu ma nan alhamdu lillahi. Sabis ya ɗauke mana tun farkon damina, shi ya sa na ba Tukur direba wannan takarda, tunda yana shigowa Gusau daga Bilbis.

Yaya, na san kin ji zancen ɗakin yara na bayan makarantar firamare, inda Malama Rahila take auna yara tana ba masu tamowa abincin gyaɗar nan na leda. Ƙungiyar da ta gina shi za ta tashi daga yankinmu. Sun ce sun bar wa gari ginin, kuma za su yi mana aiki ɗaya na bankwana: ko su ci gaba da kawo kayan yaran har gwamnati ta karɓa, ko su mai da wurin sito na taki da hatsi. Sun ce gari ne zai zaɓa da ƙuri'a, maza da mata.

Tunda Yaya Haliru ne sakataren 'yan garin nan mazauna Gusau, ki tambayar mini shi: a akwati za a jefa, ko yaya za a yi? Ba don komai ba, mata ne suke ta tambaya.

Ladidi tana ɗan fama da haƙori, amma da sauƙi. Babanta yana gaishe ku. Bana ma bai samu zuwa gonar nesa ba, kin san halin da ake ciki, sai 'yar ta bayan gida.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Bara'atu

*

Gusau

Ƙanwata Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kuke lafiya. Ki gaida mijinki Arzika, ki ce ya daure, kowa haka yake fama bana.

Zancen ƙuri'a kuwa, kin tambayi inda ya dace. Mutanen ƙungiyar akwati suka so kawowa, maigidana ne ya tsaya kai da fata a taro ya ce a'a. Ya ce akwati ake sacewa, akwati ake cusa wa takardu, amma layi ba ya ƙarya. Kowa ya fito fili ya tsaya bayan abin da yake so, a ƙirga da rana tsaka. Har tafi aka yi masa. Na ji daɗi ƙwarai, don kin san yadda zaɓe yake a ƙasar nan.

Shi dai sito yake goyon baya, ni ma ina ganin gaskiyarsa. In taki ya zo da wuri kuma da wurin ajiya, kowane gida zai ci ya ƙoshi, sai wa zai nemi abincin leda? Ɗakin nan ai na 'yan tsirarun gidaje ne da matansu ba su iya kula da yara ba. Ki wayar wa matan kai, ke da kika yi makaranta.

Haƙori ba ciwo ba ne, kada ki ɗura wa yarinya jiƙe-jiƙe. Na aiko mata da 'yar riga, na ƙiyasta girmanta da na 'yata Nafisa lokacin tana shekara biyu.

Yayarki, Maijidda

*

Unguwar Tambaya

Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gida. Na daɗe ban amsa ba. Rigar ta iso, na gode. Ta yi wa Ladidi yawa sosai, wuyan ma zamewa yake ta kafaɗa.

Yaya, ba haƙori ba ne. Tun kafin azumi Malama Rahila ta ɗaura mata abin awo a dantse, ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Duk mako nake kai ta, ta hanyar bayan kara, in an tambaye ni in ce ni ce ba ni da lafiya. Babanta ya sani, amma ba mu taɓa zancen ba. Yakan ga ledar gyaɗar a kwando ya kau da kai.

Ranar ƙuri'a aka tara mu a filin makaranta, Yaya Haliru ma ya zo daga Gusau. Aka kafa sanda biyu, ɗaya da hoton buhu, ɗaya da hoton uwa da jariri. Kafin a fara, Alhaji Yahaya dillalin taki ya karɓi lasifika. Bai yi zagi ba, da dariya ma ya yi maganar. Ya ce, "Jama'a, yau za mu san gidajen da ba a ɗora tukunya. Duk matar da ta tsaya bayan jaririn can, ta faɗa wa gari mijinta ya kasa." Maza suka yi dariya. Na hango baban Ladidi a gefen masallaci, bai yi dariya ba, yana ta kallon yatsun ƙafarsa.

Da aka ce mata su fito, na tashi da niyyar zuwa wurin jaririn, Allah ne shaida. Ladidi tana bayana, na ja mayafi na rufe ƙafafunta. Na yi taku kaɗan sai na ji kamar duk filin ni ake kallo. Na tuna gobe zai shiga majalisa, zai je masallaci. Ban san lokacin da na karkata ba, sai ga ni a bayan buhu.

Da na ɗaga kai, wadda take gabana Sa'adiya ce, matar makwabcinmu, wadda muke zama benci ɗaya a ɗakin yara. Na waiwaya, na bayana ma haka. Kusan duk matan da nake haɗuwa da su can muna layi ɗaya, ba mai kallon wata. A ɗaya layin kuwa tsofaffi ne da ba su da mijin da za a yi wa dariya, sai Malama Rahila a ƙarshe da farar rigarta. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da idonta ya zo kaina na duƙa kamar ina gyara takalmi.

Sito ya ci da nisa. Aka yi guɗa, har da ni aka ce in yi.

An kwashe sikeli da bencina, an yi wa ɗakin sabuwar ƙofar ƙarfe. An ɗauke Malama, ban san inda aka kai ta ba, ban kuma iya zuwa sallama ba. Ledar ƙarshe ta ƙare. Yanzu ƙafafun Ladidi sun fara kumbura, gashinta ya yi ja, ko kuka ba ta yi sosai.

Don Allah kada ki nuna wa Yaya Haliru wannan takarda.

Bara'atu

*

Gusau

Bara'atu ƙanwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ki yi haƙuri, na nuna masa. Ban iya riƙewa ni kaɗai ba.

A ɗakin malamai na karanta, na kasa shiga aji. Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar da na rubuta miki da hannuna, wai matan da ba su iya kula da yara ba. Kina karantawa da yarinya a kan ja. Ina nan ina dafa shinkafa da wake yara suna ture kwano, ban taɓa tambayarki me kuke ci ba, sai dai in ce ki gaida Arzika.

Maigidana ya karanta sau biyu. Da farko ya ce, "To ai ba wanda aka tilasta." Na ce, "Malam, kai da kake cikin filin, ka ji abin da Alhaji Yahaya ya faɗa?" Ya ce ya ji. Na ce, "Me ka yi?" Ya ce, "Dariya na yi." Bai ci abincin rana ba. Ya ce shi ɓarayin akwati yake tunani, bai taɓa kawowa a ransa cewa mutum zai ji kunyar abin da yake so ba. Ya ce zai rubuta wa ƙungiyar, amma ya ji sun riga sun rufe ofishinsu.

Yanzu ba lokacin wannan ba ne. Na bi ta ma'aikatar lafiya na tambaya, an mai da Malama Rahila wani ƙaramin asibiti a Kekun Waje, can Bungudu, kuma suna da kayan tamowa. Ki shirya ki bi Tukur ranar da zai dawo. Zan tare ki a tasha, mu wuce gidan Inna a Karakkai, daga can a riƙa kai ki. Ki faɗa wa Arzika ni na ce, in yana so ya ce wa mutane Inna ce ba ta da lafiya, ya faɗa. Ni dai ki zo da yarinyar.

Allah ya ba ta lafiya, ya yafe mana.

Yayarki, Maijidda

*

Karakkai, Bungudu

Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina fata kin koma gida lafiya. Inna tana gaishe ki, ta daina faɗan da kika bar ta tana yi, yanzu kunu kawai take damawa.

Washegarin tafiyarki na je Kekun Waje. Na zauna a ƙarshen benci, na ja mayafi har goshi, ina fata wata ma'aikaciyar za ta karɓe ni. Sai ga Malama Rahila ce ta fito. Ta ce, "Maman Ladidi, ke ce?" Na durƙusa zan fara ba da haƙuri. Ta ce, "Na gan ki ranar nan. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba, har gida na yi kuka. Kwanto ta mu gani."

Ta danna ƙafar Ladidi da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta ce sai mun kwana a can, da madara za a fara tukuna. Mun yi kwanaki, kumburin ya sauka, jiya ta karɓi ledar gyaɗa da hannunta ta tsotse har ta ɓata fuska. An sallame mu, za mu riƙa komawa duk mako.

Abin da ya fi mini wuya ba wannan ba ne. Tana rubuta kati sai ta fara tambayata yaran garinmu, kowa da sunansa. Ina cewa yana nan, tana nan. Da ta zo kan ɗan Sa'adiya, dole na faɗa mata. Yaya, ban faɗa miki a mota ba, an binne shi ana jibi zan taho. Zawo ne ya kama shi, jikin ba ƙarfi. A wurin gaisuwa kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, ni da Sa'adiya muka haɗa ido sau ɗaya, ba mu ƙara ba. Malama ta ajiye biro, ta fita waje, ta daɗe kafin ta dawo ta ƙarasa katin.

Na rubuta wa baban Ladidi duk wannan, har abin da ban taɓa faɗa masa baki da baki ba. Ban san yadda zai ɗauka ba. In amsa ta biyo ta hannunki, ki aiko mini.

Ƙanwarki, Bara'atu

*

Unguwar Tambaya

Zuwa ga Bara'atu,

Sallama da gaisuwa. Ki gaishe da Inna, ki yi mani godiya wurin Malama.

Na ga takardarki. Ran Juma'a bayan an sallame nit tashi gaban mai gari nic ce, matata ba jinyar uwarta ta tafi ba, ɗiyata ta kai asibitin tamowa, don abincin gidana bai isa ba. Nic ce a sake ƙuri'a, a sa akwati. Ba wanda yay yi dariya, ba kuma wanda yat tashi ya kama mani. Mai gari yac ce abin da anka yi an yi, taki ya riga ya shiga ɗakin, sai dai a duba bayan kaka.

Da nid dawo gida, mijin Sa'adiya ya biyo ni har zaure. Bai zauna ba. Yac ce in za ni koma wurin mai gari in kira shi.

Kada ki yi gaggawar dawowa. Ki zauna nan sai ta taka da ƙafarta.

Mijinki, Arzika