Hular Jallabiyar Larbi

Marrakish, 3 ga Oktoba

Yaya Rkiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iskar Suwaira, ya gwiwar taki? A gaida Si Bushaib da yara.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Magana ce da ba ta yiwuwa ta waya. Kin san matata Zuhur, tana kan soro ma sai ta ji abin da ake raɗawa a zaure.

Yaya, ciwon suga ne. Wata biyu ke nan babban yatsana na ƙafar hagu ya yi gyambo, ya ƙi warkewa. Likita ya ce in bar zaƙi da maiƙo da farin burodi, in ba haka ba yatsan zai tafi, ƙafar ta bi shi. Na ce masa, "Likita, ka san sana'ata kuwa?"

Ke kin sani. Shekara goma sha ɗaya, kullum bayan la'asar in kwashi baƙi masu yawon buɗe ido daga bakin dandali, in zaga da su rumfunan abinci tara kafin isha'i. Romon dodon koɗi da shayi wajen Ba Mbarek, miyar harira da dabino, naman tanjiya na tukunyar ƙasa wajen Si Lahsen, gurasar masamman da zuma wajen Lalla Khadduj, shayi uku a hanya, kowanne sugansa ya isa ya tsayar da cokali. Kuma Bature ba ya kai loma baki sai ya ga na haɗiye tawa. Ido yake zuba wa maƙogwarona.

In na ce ba na ci, baƙi ba za su ci ba. In na ce ba ni da lafiya, kafin magariba an baza a kasuwa cewa mai cin abincin su Khadduj kullum, ƙafarsa na ruɓewa. Wa zai ƙara tsayawa a rumfarsu? Su ne fa suka ciyar da mu shekarar da Baba ya rasu.

Na samo dabara. Ina ɗan gutsura, in baƙi sun dukufa kan ɗaukar hoto sai in jefa sauran cikin hular da ke ɗinke a bayan jallabiyata. Kyanwoyin unguwa duk sun san ni yanzu. Amma wallahi tsoro nake ji, Yaya. Ki taya ni da addu'a, kuma kada kowa ya ji.

Ƙaninki,
Larbi

Suwaira, 10 ga Oktoba

Larbi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi.

Tun kana yaro haka kake. Ka taɓa cinye kwano biyu na miyar da ta lalace don kada ran maƙwabciya ya ɓaci, ni na kwana uku ina wanke maka wando. Yau ga ka da furfura, kana tara burodi a ƙeya kamar ɓarawon gidan biki. Ashe kunya har ƙafa take ci?

Ka gaya musu, ko ka tattaro ka taho. Bushaib na neman mai zama masa a shagon katako, a zaune ake aikin, ba mai ɗura maka zuma. Ni kaɗai na rage maka, kai kaɗai ka rage mini. Ba zan yi kuka a takarda ba, amma ka san na yi.

Allah ya ba ka lafiya, ya ƙara maka hankali.

Yayarka,
Rkiya

Marrakish, 29 ga Oktoba

Yaya Rkiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Asiri ya tonu.

Ranar Talata ina da baƙi bakwai. Mun iso rumfar Lalla Khadduj, ta miƙo mini masamman mai zafi, zuma na ɗiga, tana cewa, "Ci, ɗan nan, ka rame kamar igiyar shanya." Na gutsura, na jefa sauran a baya. Muna nan sai ruwa ya sauko, ruwan farko na bana. Hannuna da kansa ya jawo hular ya kifa mini a kai.

Komai ya zubo, Yaya. Ƙashin tanjiya, dabino, rabin burodi, masamman ɗinta ya manne mini a kunne kafin ya faɗi ƙasa. Baƙi suka yi ta dariya, sun ɗauka wasa ne. Wata tsohuwa a cikinsu ba ta yi dariya ba. Ta kalli abin da ke hannunta, ta ajiye shi a hankali.

Khadduj ta fito cikin ruwan, ta sunkuya da wannan bayan nata mai ciwo, ta tsince masamman ɗin daga taɓo, ta sumbace shi, ta ɗora a kan katanga yadda ake yi wa burodi. Sannan ta ce, "Si Larbi, in hannuna ya yi maka ƙazanta, ka faɗa. Da shi na share maka majina."

Si Larbi fa ta ce, da laƙabin girmamawa kamar wani baƙo. Tun da nake ba ta taɓa kira na da haka ba.

Na buɗe baki in gaya mata, sai na ga masu rumfuna sun leƙo, kunnuwa a tsaye. Na karɓi wani, na cinye shi tas a gabanta, na ce a ƙaro zuma. Tun ranar ina cinye komai a rumfa tara. Yatsan ya yi baƙi.

Na gaji. Ki gaya wa Si Bushaib ina tafe ƙarshen watan gobe. Zan ce musu ke ce ba ki da lafiya, ki yafe mini.

Larbi

Marrakish, 12 ga Nuwamba

'Yata Rkiya,

Sallama da gaisuwa. Surukata ce ke rubuta mini, bakinta kuma a rufe yake, na rantsar da ita.

Takardarki ta iso. Da aka karanta mini sai da na zauna a ƙasa. Wannan sakaran yaro! Ni da na yi masa gori a gaban jama'a, kwana goma ina kallo yana haɗiyar ajalinsa don in huce.

Na tara su Mbarek da Lahsen a bayan rumfata bayan an tashi. Mu tara ne, maganar ba ta wuce mu ba, kuma ba za ta wuce ba. Yanzu kowa yana da kwanon Larbi a ƙarƙashin tebur. Kamanni ɗaya da na baƙi, amma shayinsa ba suga, namansa an tsame kitse, nawa kuma na garin sha'ir ne, in shafa masa ɗan man zaitun ya yi ƙyalli kamar zuma. Ba mu gaya masa ba. Kin san shi, kunya za ta kashe shi kafin ciwon.

Ki kwantar da hankalinki, yana hannunmu. Ba inda za shi.

Uwarki,
Khadduj

Marrakish, 2 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa. An cire yatsan ranar Litinin ta makon jiya, ƙafar ta tsira, alhamdu lillahi. Zuhur ta sani yanzu, ta yi faɗan ta gama.

Na san abin da kika yi. Tun kurɓar farko na gane ba suga, shekara hamsin ina shan shayin Ba Mbarek. Na ɗaga kai, ya kawar da nasa. Na ce wa baƙi, "Kun ji zaƙi?" Suka ce sun ji.

Likita ya ce in daina doguwar tafiya a kan duwatsun lungunan nan, ko da me nake ci. Jiya na dogara sanda na je in yi musu sallama. Khadduj na hango ni ta sunkuya ta jawo kwanona daga ƙarƙashin tebur. Da ɗuminsa, Yaya. Ashe duk kwanakin da nake asibiti, kullum sai ta gasa ta ajiye.

Ki ba Si Bushaib haƙuri, ya nemi wani. Gobe bayan la'asar ina da baƙi shida.

Ƙaninki,
Larbi