Durƙuson da Aka Rubuta Faɗuwa

Zuwa ga Mai Girma Mushe mai kula da wasannin matasa, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina yi maka barka da shan ruwa. Allah ya karɓi ibadarmu.

Sunana Habu, mutumin Tanut, manomin hatsi. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina kokowa a filayen Damargu. Ka san ni ko da ba ka riƙe sunana ba: ni ne mai furfurar nan da ka miƙa wa bargo da takarda mai hatimi ranar bikin Jamhuriya. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Mai rubuta wasiƙu na bakin gidan waya shi ke riƙe da alƙalami, ni kuwa ina faɗa. Na ce ya yi guda biyu, ɗaya taka, ɗaya ta gidan rediyo, domin a gaban jama'a aka yi ɓarnar, a gaban jama'a ya kamata a gyara ta.

A makon farko na azumin nan, bayan mun sha ruwa, muna zaune a ƙofar wani mai kanti da ke da akwatin rediyo, sai aka shiga waiwayar wasannin shekarar da ta ƙare, ta biyar da samun mulkin kai. An daɗe a kan ƙwallon mutanen Yamai. An yi maganar tseren keke, an yi ta sukuwa. Ban ji haushi ba, mun saba a gama lissafin ƙasa ba a tuna da arewa ba. Can wajen ƙarshe sai muka ji an ambaci Tanut, kowa ya gyara zama. Mai magana ya ce, bisa rahoton da ya zo daga Damagaram, an yi abin mamaki a Damargu: wani tsohon ɗan kokowa ya ka da zakaran samari ba tare da ya taɓa shi ba, wai yaron na ganinsa gwiwoyinsa suka saki don tsoro, ya zube. Ya faɗi sunana, ya faɗi sunan yaron, har ya ɗan yi dariya. Babu wanda ya taya shi a inda muke zaune. Na ɗauki takalmana na tafi gida ban yi wa kowa sallama ba.

Ga abin da ya faru a gaskiya, zan jera maka shi daki-daki.

Na ɗaya. Yaron da ake magana surukina ne. Shi ke auren 'yata ta fari, wadda ko sunanta ba na kira. Shi ma ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, amma yau dole ta sa a rubuta: Lawali, ɗan garin Gangara. Shekara uku ke nan da auren, ba mu taɓa cin abinci a ƙwarya ɗaya ba. In ya hango ni a kasuwa, yakan tuɓe takalmi ya durƙusa daga nesa, in amsa masa ina kallon wani gefe. Haka muka tarar ana yi, haka iyayenmu suka yi da nasu surukan.

Na biyu. Mu a nan ba a haɗa kokowa da takarda. In fili ya cika, wanda ke son karawa da wani zai je gabansa ya miƙa masa hannuwa, in ya yarda ya tashi. Sarkin kokowa na zaune yana kallo, ya san uban kowa, ya san wa ke auren 'yar wa, ya san waɗanda suka sha nono ɗaya. Shi ya sa tunda nake ban taɓa ganin wa da ƙane ko suruki da suruki sun tsaya a tsakiyar fili ba. Ranar kuwa ka zo da sabon tsari: mutum takwas, sunaye a cikin hula, wanda ya faɗi ya fita, har a rage biyu. Ni ban ma yi niyyar shiga ba, na ajiye walkina tun damanar bara saboda ciwon kwankwaso. Da aka ƙirga aka ga bakwai, aka ce supirefe, babban jami'in gwamnati na Tanut, ba ya son baƙi su ga an kasa cika takwas, sai aka zo har gida aka ɗauko ni.

Na uku. Karon farko na samu wani yaro da bai gama ƙwari ba, na ka da shi da wayo, ba da ƙarfi ba. Na biyun ya gurɗe ƙafa tun a karonsa na baya, tura shi kawai na yi. Lawali kuwa ya ɗaga ƙarti biyu sama, ɗaya daga cikinsu Buzu ne daga wajen Tenhiya wanda shekara biyu ba a ga bayansa a ƙasa ba. Da aka ga mu biyu muka rage, sarkin kokowarmu, Baba Manzo, ya tashi da sandarsa ya zo teburinka. Ina jin sa da kunnena yana ce wa tafinta: "Gaya wa mushe wa'annan ba su kamawa, uba ne da ɗa." Tafinta ya juya ya yi maka magana, kai kuma ka dubi agogo. Amsar da aka dawo masa da ita ita ce takarda ta riga ta fito, kuma motar Damagaram ba za ta kwana a hanya ba. Ban san ko duka maganar ta iso gare ka ba. Na dai ga Baba Manzo ya koma tabarmarsa yana girgiza kai.

Na huɗu, kuma nan ne nawa laifin yake, ba zan ɓoye shi ba. Abin da ya kamace ni shi ne in zauna inda nake, in ce kwankwasona ya motsa, a ba yaro abinsa. Babba shi ke janyewa a irin wannan. Amma makaɗina ya saki takena, wanda na yi shekara ban ji ba, mata suka yi guɗa, kafin in yi tunani sai na gan ni a tsakiyar fili ina zuba wa hannuwana ƙasa. Tsufa bai hana ni son a ce Habu ba. Da na zauna, da yau ba na wahalar da mai rubutu da azumi a bakinsa.

Lawali ya shigo a hankali, kansa a sunkuye. Da ya rage taku uku tsakaninmu sai ya sa gwiwoyinsa biyu a ƙasa, ya dafa ƙasa da hannu, ya gaishe ni kamar yadda yake gaishe ni a ƙofar gida. Duk wanda aka haifa a Damargu ya san ma'anar wannan. Abin da ya rage shi ne in dafa kansa, in kama hannunsa in ɗaga, in fita in bar masa fili. Na ɗaga hannu ke nan sai alƙalin wasan da ka zo da shi, wani malamin motsa jiki na lakwal, ya busa usur, ya ruga ya cafke hannun nawa ya ɗaga shi sama. Wai gwiwa biyu da hannu sun taɓa ƙasa, doka ta ce faɗuwa ce. Makaɗa suka tsaya. Aka ja ni zuwa teburinka, ka ɗora mini bargo a kafaɗa, aka ɗauki hoto. Na buɗe baki in yi magana, ga jandarma, ga manya a kan kujeru, ga Faransanci na tashi ta ko'ina, sai na rufe. Da na waiga, yaron ya riga ya fita ta bayan taro.

Na biyar. Za ka iya cewa ai waɗanda suka halarta sun san gaskiya. Sun sani, amma mutum nawa ne? Fili ɗaya ne, rediyo kuwa ya shiga Belbeji, ya shiga rugage, ya bi rijiyoyi har inda raƙuma ke sha. Wanda bai gani da idonsa ba, abin da akwati ya faɗa shi ya riƙe, don a ganinsu gwamnati ba ta ƙarya. Ran kasuwar da ta wuce, wasu matasa da Lawali ya taɓa kayarwa sun tare shi wajen masu sayar da igiya, suka zube a gabansa suna karkarwa da gangan, mutane na dariya. Ya wuce abinsa. Me zai ce? In ya ce da ya so da ya ka da ni, ya zagi uban matarsa. In ya yi shiru, ya amsa sunan matsoraci. Wani gari da suka aiko masa goron gayyata don kokowar bayan salla, sun sake aikowa cewa ya bari tukuna. Makaɗinsa ma ya koma bin wani.

Shekaranjiya 'yata ta zo daga Gangara. Ta gaishe ni daga bakin zaure a gajarce, ta shige wurin uwarta. Daga baya uwar ta same ni ta ce: "To, kai dai ka samu bargo. Yaro ya kwance layunshi ya zuba a tukunya, ya ce da an sauko idi zai bi mota Kano dakon buhun gyaɗa, ba ya sake shiga fili." Ba ta yi ƙarya ba. Yaron nan shekararsa ashirin da biyar. Tun da na fara kokowa ban ga mai ƙafa irin tasa ba, kuma na kara da mutanen da har yau ake kiran sunansu a waƙa. In ya tafi da wannan suna a kansa, na san ba zai dawo ba, irinsu ba sa dawowa garin da aka yi musu dariya.

Mushe, na gaji. Sau biyu ina zuwa ofishin supirefe, karo na farko aka ce yana rangadi, na biyu magatakarda ya ce rahoto ya riga ya tafi, abin da aka buga wa hatimi ba ya komowa. Na je wurin Baba Manzo, ya ce shi ya faɗi tasa tun a fili ba a ji ba. Ba na barci yadda ya kamata, azumin ma ina yin sa ne zuciyata ba daɗi. Ba na neman a hukunta alƙalin, yaro ne, abin da aka koya masa ya yi. Ban kuma ce ka yi da mugunta ba. Ka zo da safe ka koma da la'asar, ka rubuta abin da idonka ya gani, ba ka tambayi kowa abin da yake nufi ba.

Ga abin da nake roƙo. Ka sake rahotonka, ka rubuta cewa ba a yi karon ƙarshe a Tanut ba, kuma wanda ya cancanci a kira zakaran Damargu na wannan shekara Lawali ne. Bargon da takardar na naɗe su, na ba direban motar da ke ɗauko wasiƙu ya kawo maka, ban taɓa lulluɓa da shi ba. In za a sake irin wannan taro, a zaunar da sarkin kokowa kusa da mai hula, a ji ta bakinsa kafin a busa usur. Babban roƙona kuwa, ka sa baki a karanta wasiƙar nan a rediyo da Hausa, a lokacin da aka karanta wancan rahoton, kuma kafin salla. Bayan salla ba ta da amfani.

Ina so a karanta ta ne don akwai maganar da ba ni da hanyar faɗa masa. Ba zan iya kiran sa in zaunar da shi ba, in na aika ma zai zo ya durƙusa daga nesa ya ce babu komai, Baba. Amma a Gangara akwai akwati a ƙofar maigari, na san yana zama can baya. To, ya ji daga nan, mutanen Belbeji da na Tenhiya su ma su ji: da mun kama a ranar, da ban kai ƙirga goma a tsaye ba. Na san haka tun kafin in shiga, shi ma ya sani, shi ya sa ya sa gwiwa a ƙasa don kada 'yata ta ji an ce mijinta ya yi jifa da ubanta. Ya rufa mini asiri, ni kuwa na tsaya aka tona nasa. Ya yafe mini, kada ya tafi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka da mutunci, ya ba ka surukai masu kunya irin nawa.

Wassalam.

Habu, tsohon ɗan kokowa, Tanut.