Basilla a Hannun Hagu

Zuwa ga yarinya mai hoto ta gidan jarida,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyayenki da duk wanda ya shafe ki. Ni ne tsoho mai gyaran takalma na bakin tashar mota, wanda kika tsuguna a gabansa kwanakin baya, kika ce kada ya dube ki, ya ci gaba da ɗinkinsa. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, mai kemis na kusa da ni ke rubutawa, kuma na gargaɗe shi kada ya ƙara, kada ya rage.

Mai sayar da jarida ya kawo mini jaridarku yana washe baki, wai na fito. Na duba a inuwa, na fita rana na sake dubawa. 'Yata, wannan ba ni ba ne. Bahago ne, ɗan tagwayena, wanda ya rasu shekara uku ke nan. Da hannuna na sa shi a kabari.

Ga hujjata. Mutumin hoton ya riƙe basilla da hagu, ni kuwa tunda nake ban taɓa huda fata da hagu ba. Tawadar Allah da ke kumatunsa tana hagu, tawa tana dama, da ita ma uwarmu take rarrabe mu. Sannan yana zaune ta ɗaya gefen falwaya, wurin Bahago, inda ko kwali ban bari wani ya ajiye ba tun da ya tafi. Amma kuma takalmin da ke cinyarsa na direban nan ne mai surutu, kuma ni na ɗinka shi ranar da kika zo. To kaina ya kulle.

Bahago bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, sai na katin shaida, shi ma katin ruwa ya lalata shi. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, da kika leƙa cikin na'urar nan, mutum nawa kika gani?

Na bar ki lafiya.
Mai gyaran takalma.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma yi maka ta'aziyyar ɗan'uwanka, Allah Ya ji ƙansa. Ka yi haƙuri da rubutuna, a kan cinya nake yi. Tun safe aka turo ni ɗaukar hoton buɗe sabuwar rijiyar burtsatse, babban baƙo bai iso ba, ruwan ma bai zo ba.

Baba, kai kaɗai na gani, kai na ɗauka. Hoto ya bar hannuna daidai. Akwai wani a ofishinmu, aikinsa tsara shafi. Ya ga fuskarka tana kallon wajen takarda, shi kuma ya fi son mutum ya kalli rubutu, sai ya juya hoton, dama ta koma hagu, kamar yadda madubi ke yi. Bai tambaye ni ba. An hana yin haka a aikinmu, kuma sunana ne a ƙasan hoton, ba nasa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Zan je wurin edita, wato shugabanmu, in nemi a buga gyara tare da hoton na gaskiya.

Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.
'Yarka, mai hoto.

Zuwa ga 'yata mai hoto,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ruwan ya zo daga baya.

An karanta mini takardarki sau biyu, na farko ban gane ba, na biyu ya fi na farko rikitarwa. Yaya mutum yana zaune a ofis zai ɗauke falwayar da aka kafa da siminti ya mayar da ita wancan gefe? Ni ina nan aka kafa ta, sai da ƙarti suka taru. Mai kemis ya ɗauko madubin shagonsa zai nuna mini, na ce ya mayar. Tun rasuwar Bahago ban duba madubi ba. Ko a wurin aski ido nake rufewa, mai askin ya zaci barci nake. In kuwa gaskiya kika faɗa, to duk mutanen da na gani a jarida tsawon rayuwata, wa ya san ina suke kallo?

Amma ba wannan ce ta sa na sake damun ki ba. Matar Bahago tana raye, muna ce mata Uwar 'Yanmata. 'Yarta ta sayi jaridar ta kai mata. Ta yanke hoton da almakashi, ta jingina shi a cikin kabad ɗin gilashi, gaban kofunan da ba a shan komai da su. Maƙwabta suna ta shiga kallo. Jikokin da ba su san kakansu ba an ɗaga su sama su gan shi.

Ki sani, a layin nan in gardama ta tashi kan wa ya riga wa kafa rumfa, ko wace shekara gobara ta ci shagon mai faci, ni ake kira. Ban taɓa faɗin abin da ba haka ba don a ji daɗi, shi ya sa rabin layin ba sa gaishe ni da kyau. Don haka na sa hulata na tafi in gaya mata.

Na shiga, ta ce, "Ga sarkin gardama. Yau wa ka ƙaryata kafin ka iso?"

Na ce, "Ban fara ba tukuna."

Ta kawo mini ruwa, ta nuna kabad da haɓa, ta ce, "Dube shi. Ka ga yadda yake cije leɓe in fata ta yi tauri? Har kunnena ke jin numfashinsa."

Tun da muka binne shi ban ji muryarta ta yi haske haka ba. Na shanye ruwan, na tambayi lafiyar ƙafarta, na taso.

Yanzu batun gyara. Ku buga, gaskiya gaskiya ce. Amma mai jarida ta ƙofarta yake bi, kuma bakinsa ba ya rufuwa. Kada ku buga. Mai kemis ya ajiye biro, wai in zaɓi ɗaya. Na ce ya rubuta duka biyun, haka suke a cikina.

Na bar ki lafiya.
Babanki na tasha.

Baba,

Ina gaisuwa. Jiya na bi ta tasha zan je ɗaukar hoton wata motar kaya da ta kife da buhunan siminti, na tarar rumfarka a rufe. Mai kemis ya ce rabonka da rufewa da rana tsaka ya manta. Hankalina bai kwanta ba.

Edita ya yarda, amma sai da muka yi ta. Ya ce tsoho mai takalma ne, ya kalli gabas ko ya kalli yamma, wa ya damu? Na ce ni na damu. Gyaran zai fito ranar Asabar. In na koma na ce a fasa, dariya za su yi mini, mai tsara shafi kuma ya samu lasisin juya duk wanda ya ga dama. Duk da haka fuskarka ce, Baba, ba tawa ba. In ka ce a bari, zan bari, ka dai aiko kafin Juma'a.

Ga hotuna biyu na wanko maka a takarda mai kyau, na daidai da juyayyen. Na jera su a tebur na daɗe ina kallo. Ni na ɗauka, na san mutum ɗaya ne, amma wallahi kamar ɗayan ya fi ɗayan sanyin hali. Ni ma yanzu ban san me nake so ka ce ba.

Allah Ya ja kwana.
'Yarka.

'Yata,

Gaisuwa. Na kai wa Uwar 'Yanmata hotunan duka biyun, na ajiye a gabanta, na buɗe baki zan fara bayanin madubi. Ta ɗaga mini hannu. Ta sa tabarau, ta ɗauki juyayyen, ta turo mini ɗayan.

Ta ce, "Riƙe naka, mai taurin kai. Na yi zaman aure da mutum har gashinmu ya yi fari, ka zaci ban san wuyansa da yatsunsa ba? Tun ranar farko na san kai ne."

Na ce, "To me ya sa kika bar ni ina ta juyi ba barci?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Ni dai ba ni da wani hotonsa, wannan kuwa ya yi. Yara sun tambaya, na ce musu haka kakansu yake zama, haka yake riƙe basilla. A ciki wanne ne ƙarya?"

Na duba, ban samu ba.

Ku buga gyaranku ranar Asabar, ki wanke sunanki. Nata ta aika a sa masa gilashi. Nawa yana aljihuna, nakan ciro in duba. Kowa a layin ya ce ni ne sak. Na yarda da su kawai, don ni ban taɓa haɗuwa da mutumin nan ba.

Allah Ya yi miki albarka.
Babanki.