Abah Ya Ci Kwano Biyu

Kak Yati, yayata,

Abah ya ci. Wallahi ya ci, har da neman ƙari. Na so in tashe ki, amma kin dawo daga aikin dare a gajiye, ni kuma bas ba ta jira.

Wata uku ke nan likita yana roƙon Abah ya riƙa cin ots, hatsin nan na Turawa, saboda zuciyarsa, shi kuma yana cewa abincin kaji ne. To jiya kafin in kwanta na zuba ots ɗin a tukunyar lantarkin nan mai dahuwa a hankali, da romon kaza da citta, ya kwana a ciki. Na ƙara shinkafa cokali biyu don kada in yi wa mahaifina ƙarya. Da asuba ya yi laushi kamar faten shinkafa, na barbaɗa masa soyayyar albasa.

Da Abah ya dawo daga masallaci ya ɗanɗana, ya ce, "Mazni, shinkafa ce wannan?"

Na ce, "Akwai shinkafa, Abah."

Banɗaki na gudu na yi dariyata.

Na ɓoye kwalin ots ɗin cikin injin wanki, ki cire kafin ki kunna. Don Allah ki riƙe bakinki.

Abah ya ce tun rasuwar Mak, mahaifiyarmu, bai ci fate irin wannan ba. A nan dariyar ta tsaya mini.

Naki yana tukunya, da ɗuminsa.

Mazni