Ruwan Saman Tukunya

Bron, Lyon

Zuwa ga Gwaggo Hajiya Balkisa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da kasuwa. Ɗanki ne Ilya. Na rubuto ne don na san in waya na kira, kafin in kai ƙarshen magana kin kashe.

Baba ba ya cin abinci. Tun da aka sallamo shi daga lopital, wato asibiti, cokali biyu sai ya ture kwano. Ya rame har zoben hannunsa yana zamewa. Abu guda yake ambato, burkutun Iya, mahaifiyarku, wanda take dafawa a Dogon Dutsi.

Kin dai san ina ɗan haɗa giya a gida, ba zan ɓoye miki ba. Irin ta gwangwani ce: a sayo ruwan sha'ir mai kauri kamar zuma, a ƙara ruwa, a dafa, a sa yisti, shi ke nan. Na kai masa, ya kurɓa, ya ce magani ne, in mayar wa mai faramasi kayansa. Sai na ce bari in fara daga hatsi. Na sayo jar dawa a shagon 'yan Mali, na jiƙa, ta tsira, na shanya, na niƙa. Na zuba garin a ruwan ɗumi yadda Faransawa ke yi da sha'ir. Abin da ya fito tsululu ne, ba zaƙi ba ƙamshi. Na yi ta yi har na gaji.

Na san ke da Baba ba kwa magana tun rasuwar Iya, na kuma san abin nan haram ne a wajenki. Amma ke kika tashi a gindin tukwanenta. Ki taimake ni, tsoro nake ji.

Ɗanki,
Ilya

Porte de la Chapelle, Paris

Ilya,

Bayan gaisuwa, kai dai ba ka da ta ido. Ka rasa wadda za ka tambaya dahuwar giya sai matar da ta je Makka? Na karanta takardarka a shago, na cusa ta ƙarƙashin atamfofi, na yini ina jin haushinka. Sai zancen zoben nan ya hana ni sakat. Babanka, Yaya Isufu fa, da ke ɗaga buhun gero da hannu guda.

To, buɗe kunnenka. Dawa ba sha'ir ba ce, ruwan ɗumi ba ya yi mata komai, sai ta ji wuta. Amma in ka dafa duka, ka kashe tsiron. Ga yadda Iya ke yi. A dama garin da ruwan sanyi, a bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama garau, shi ne ran abin. A tsiyaye shi a ajiye gefe. Na ƙasan a ɗora shi a wuta, ana motsawa har ya yi kauri kamar kunu. A sauke. In ya huce yadda za ka tsoma yatsa ka ɗan daure, sai a mayar da ruwan saman, a rufe da bargo. Za ka ga kunun ya saki ya yi zaƙi. A tace, a sake tafasawa.

A nan sanina ya tsaya. Wanga ruwan zaƙi ba ya sa maye, mu yara ma shi ake ba mu a ƙoƙo. Abin da ake yi bayan nan kuwa, kada ka sake ka tambaye ni. Kuma kada ka ce wa babanka ni na faɗa.

Allah shi ba shi lafiya.

Gwaggonka

Bron, Lyon

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya, godiyar da ban san inda zan sa ta ba.

Na bi maganarki daki-daki. Da na ɗaga bargon na ga kunun ya saki, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Ina cikin tafasa ta biyu na ji ƙarar sanda. Baba ne, wanda ya daɗe bai taka ko ƙofar ɗakinsa ba, ya biyo ƙamshi har madafa. Ya ce in zuba masa. Na ce bai zama burkutu ba tukuna, sai an sa yisti an jira. Ya ce, "Zuba mini haka nan, yaro." Ya shanye da zafinsa, ya miƙo kofin na ƙara. Da rana ya ci tuwo, ya sa aka ƙara miya. Ya hana ni sa yistin ma, wai haka ya fi masa.

Alkawarinki ban karya ba. Shi ne ya dube ni ya ce maza ba sa zuwa wajen tukwane, mutum biyu ne suka san wannan dahuwa, ɗaya kuma tana kabari. Can ya ce, "Tana nan lafiya? Har yanzu tana da faɗan nan?" Sai ya juya fuska wajen taga, ni ma na ba shi wuri.

Ban san abin da ya raba ku ba, ba kuma zan tambaya ba. Amma me zan ce masa?

Ɗanki mai godiya,
Ilya

Porte de la Chapelle, Paris

Ilya,

Ka ce masa faɗa na nan, nasa ma na ajiye masa. Na bar wa Fatu, mai taya ni ciniki, shago, ina tafe ranar Asabar a jirgin ƙasa na safe, ka zo tasha ka ɗauke ni. Ka jiƙa dawa tun yau, ni zan dafa. Ka ce ya ci gaba da cin abinci, ba na son in same shi a kwance.

Allah shi yi maka albarka, ɗana. Da ba ka rubuto ba, da sai dai in zo jana'iza.

Gwaggonka,
Balkisa