Fankokin kwamfutar mijina da jarkokin yayansa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana. 'Yan uwa ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a wuya.

Ni matar aure ce a Ƙonni. Mijina yana ɗaukar bidiyon biki da suna, ya dawo ya haɗa a kwamfuta, irin babbar nan mai akwati. Shagonsa a jikin gidanmu yake, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin da nake zaune da yarana. Yayansa kuma fetur yake sayarwa a bakin hanya, tun bara ya mai da lungun shagon wurin ajiye jarkokinsa, kuma mijina ba ya iya ce masa a'a, don shi ya riƙe shi bayan rasuwar babansu.

Da zafin bazara ya shigo sai kwamfutar ta fara mutuwa da kanta ana cikin aiki. Maimakon ya kai wa mai gyara, sai ya sayo ƙananan fankoki ya buɗe akwatin da kansa. Ya ɗaura su duka suna hura iska ciki, har ta baya da aka yi don fitar da zafi ya kwance ya juya ta. Ramukan sama kuma ya toshe da soso da salatif, wai kar ƙura da tsaka su shiga. Mutuwar da take yi da kanta ma, wani abokinsa ya taɓa masa wani abu a ciki ta daina, shi a ganinsa ta warke.

Ni kuwa kafin aure na yi aikin buga takardu a Tawa, na sha ganin ana buɗe irin wannan akwati. Iska ta gaba take shiga, ta baya da ta sama take fita. Madafa ma in babu kafar hayaƙi ai ba ta zaunuwa. Na lallaɓa na faɗa masa cikin ladabi, ya yi dariya ya ce, "Ke, ina kit taɓa ganin ana yi ma mutum fifita a juya mai baya?" Na ƙara bayani, ashe yayan yana bakin ƙofa yana jin mu. Ya shigo yana tafa hannu, wai ashe yanzu macce ka koya ma ƙanensa aiki. Nan take fuskar mijina ta canza. A gaban yayan ya rantse da Allah, ya ce in na taɓa kwamfutar nan, a bakin aurena.

Tun ranar ban taɓa ba. Amma hancina bai rantse ba. Ina kai masa abinci shagon, ina jin ƙaurin roba yana haɗuwa da warin fetur. Kwamfutar tana gurnani kamar injin markaɗe, leda da ya manta a kanta har ta lanƙwame. Na nuna masa, ya ce bakina ne ke jawo mana tsiya. Na je wurin uwarsa, ta ce ita ba ta shiga tsakanin 'ya'yanta a kan hanyar cin abincinsu. Wallahi tsoro nake ji, ko shara nake yi kunnena yana jikin bangon nan.

Mijina ba mugu ba ne, yana son yaransa, girman kai ne kawai da kunyar yayansa. Ni ma ba na son aurena ya mutu a kan fanka, mutane su yi ta dariya.

Yau da safe ya tafi Malbaza ɗaukar wani biki, sai gobe zai dawo. Ya bar kwamfutar a kunne tana haɗa wani dogon bidiyo, ya ce kar kowa ya kashe, masu shi jibi za su karɓa. Da hantsi yayan ya zo da amalanke ya ƙara jarkoki, ya kulle shagon ya tafi da makulli. Na kira mijina ya ƙi ɗagawa. Na kai yara gidan maƙwabciya, amma ita ma katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Mitar wuta tana zauren gidanmu, ita ke ba shagon wuta, kuma hannuna yana kaiwa. Malaman da ke cikin zauren nan, in na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na taɓa kwamfutar ko ban taɓa ba? Sakin ya auku? In ma ya auku, ku faɗa mini gaskiya, ku da kuna wurina me za ku yi? Don Allah ku amsa da wuri, ƙaurin ya fara shigowa ɗakina.